Ƙayar Kaka a Bokitin Ƙarfe

Ranar wata Juma'a da hantsi, ina aji uku, muna wasan tsalle na ampe a tsakar gidanmu na unguwar Nima a Ankara, sai Kaka ta yi magana daga ɗaki: "An yi ruwa a gida." Sama tas take, rana kamar ta fasa kwanon rufi. Muka ruga bakin ƙofarta. A cikin tsohon bokitin ƙarfenta, busasshiyar ƙasa ta tsage, wani ɗan tsiro ya leƙo kamar yatsa. Kaka kuwa ta shekara biyar ba ta gani.

Ƙayar ɓera ce, tsiron dajin arewa mai siraran rassa da ƙaya kamar ƙugiya. Kaka ta haƙo saiwarta a gefen kabarin mahaifiyarta, can gida arewa, wajen Bawku. Rassan da suka bushe mukan cusa su a ramukan ɓeraye na bakin kwata, sabon tohon kuma Kaka ta dafa da gishiri ta ci ita kaɗai. Bokitin na ƙarƙashin rumfa, kuma doka ɗaya ce: kada a ba ta ruwa. Ruwan Ankara ba ya tashe ta, sai an yi na arewa. Ni dai tsoronta nake ji, ko shara nake yi sai in kewaye ta.

Burin Kaka ɗaya ne, a binne ta kusa da uwarta. Da ciwo ya kwantar da ita ta ce, "In ta toho, ku sa ni mota." Maƙwabciyarmu Anti Adiza mai waakye, wato shinkafa da wake, haifaffiyar Maamobi a nan Ankara, ta dubi busassun rassan ta ce, "Wayyo, ƙishi zai kashe ta." Don tausayi ta riƙa kwarara mata ruwan wankin shinkafa kullum, har saiwar ta ruɓe. Ba wanda ya gaya wa Kaka. Ta juya fuska bango kawai ta ce, "Kun nutsar da ni." A Ankara aka binne ta.

Bayan sadakar arba'in, na ga tsiro ya fasa simintin dokin ƙofarta, nesa da inda bokitin yake. Mama ta hana kowa taɓawa.

Yau bene ne a wurin, an shimfiɗa tayil. Ƙanena ya ce duk shekara tayil ɗaya sai ya tsage, kuma in ya buga waya Bawku, sai a ce jiya aka yi ruwa. Ina kewar Kaka, amma ban taɓa zuwa na duba ba. Har yanzu Kaka mota take jira.