Tashoshi Bakwai na Baba Mai Awo

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Awo a ɗakinsa, yana jingine da bango saboda numfashi ya hana shi kwanciya. Da ƙaninsa ya bugo mini waya, ƙafafuna na fara dubawa ko sun kumbura kafin na yi salati. Allah Ya yafe mini, tsoro ne ya riga baƙin ciki zuwa.

Baba, ciwon ƙoda ne ya haɗa mu. Mu huɗu muke ɗaukar shatar mota duk Litinin da Alhamis zuwa babban birni, inda injin wankin ƙoda yake: awa shida zuwa, awa shida dawowa. Malamin makaranta ne ya fara rasuwa, mai sayar da takalma ta bi shi, muka rage ni da kai.

A motar nan na san kai ne ka auna layin dogon da aka ce zai mayar da tafiyar awa biyu. Shekara ashirin da bakwai ke nan da ka taka dajin da ƙafarka kana kafa turaku. Tun daga lokacin ake kafa kwamiti ana rushewa, kai kuwa ba ka fasa rubuta takardar tuni ba. Nakan tsokane ka in ce jirginka a aljihun rigarka yake kwana. Sai ka yi dariya ka ce, “Tela, ki dai ɗinka mini rigar bikin buɗewa.”

Likita ya taƙaita mana shan ruwa, ni kuma ƙishirwa ba ta da maƙiyi kamata. Sai ka ƙwace gorata, ka kafa doka: murfi ɗaya a duk wurin da tashar jirgin za ta kasance. Tashoshi bakwai, murfi bakwai. A tsakiyar dajin da ba kowa sai ka taɓa kafaɗar direba ka ce, “Mun iso ta uku.” Ka tsiyaya mini, ko ɗigo ba ya zuba. Shekara biyu ma'aikatan jinya suna yaba mini haƙuri, alhali naka ne.

Litinin ɗin ƙarshe babbar mota ta kife ta tare hanya. Muka isa bayan la'asar, an ba wasu injin, aka ce mu dawo Alhamis. A hanyar dawowa ka ce, “Kwana uku ne, Tela, za mu kai.” Ni na kai. A makon nan kuma na ji a rediyo cewa za a sake nazarin shawarar layin.

Ban san inda tashoshin suke ba, Baba. Ni duk itatuwa iri ɗaya nake gani, ban taɓa tambayarka ba don ban zaci zan bi hanyar ba kai ba. Ranar Alhamis kafin mu yi rabin tafiya na shanye gorar. Ina tsoron hanyar nan, ina tsoron kaina.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya shayar da kai ruwan da babu awo a cikinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, uwar 'ya'yanka, da ƙaninka da 'ya'ya da jikoki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya rufa muku asiri a bayansa.

Idan kun ɗaga hannu dominsa, ku sa ni a ciki. Direba ya aiko cewa ba zai ƙara tashi da mutum ɗaya ba. Jibi Litinin tashar mota zan je in zauna har mota ta cika, injin kuwa ƙarfe ɗaya aka ba ni.