Tsagar Kawu Ɗan'asabe a Kwamfuta

Kun dai san Kawu Ɗan'asabe wanzami, ba ya yarda da abu sai ya goga masa babban yatsa. Ko goro aka miƙa masa a kasuwar Yankara, sai ya laluba kafin ya yi godiya.

Ni na jawo wa kaina. Sana'ata ƙera mutane a kwamfuta don fim ɗin zane, sai na ce bari in ƙera ƙanen mahaifiyata, jikoki su san fuskarsa. Mako biyu ina fama, na kawo masa har Faskari ina jiran yabo. Ya shafa gilashin kwamfutar, ya harare ni.

"Ina tsagata?"

"Ga ta nan, Kawu, uku-uku."

"Wanga zane ne, ɗiya. Tsaga rami gare ta."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Akwai hoto mai baƙi da fari da muke shimfiɗawa a kan fuskar. Inda ya yi fari, kwamfuta ta ɗauka tudu ne, inda ya yi baƙi kuma kwari. Sai ta zuba haske da inuwa, kamar an haska fitila, yadda ido zai ga rami, alhali fatar sumul take.

"Au, ƙarya kika koya ma fitila!"

Haba! Shekara huɗu ina karatu, a mayar da ni malamar ƙarya?

"Juya shi gehe," in ji shi.

Na juya. Kuncin ya fito santsi kamar ƙwai, don dabarar ido kawai take ruɗa, ba ta taɓa surar fuska. Wallahi abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya kama ni. Har maƙwabta ya kira su zo su ga jinjirin da aka sa wa hularsa. Na ƙara baƙin don tsagar ta yi zurfi, ya ce yanzu kuma kura ta yage shi.

Da na fara faɗa, sai ya yi ƙasa da murya. "Ubana ya yi mani ita da askarshi, ina kwana bakwai. Yanzu an bar yi. In ta ɓace wurinki, ina za a gan ta?"

Na koma gida da fushina, na watsar da dabarar, na sassaƙa ramukan a jikin fuskar ɗaya bayan ɗaya, kwamfutata tana nishi. Ranar Laraba na gama. Ranar Talata, ana gobe zan gama, aka kai shi makwancinsa.

Har yau ina jin haushinsa. Mutum ya sa ka aiki, ya ƙi tsayawa ya duba! Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yalwata maka kabari, Ya haɗa ka da mahaifinka a Aljanna.