Kurar Kara

Har yau in na ga kofin roba ja sai raina ya ɓaci, kuma malamin aikin hannu na aji huɗu ne ya jawo.

A shekarun da kuɗin mai ya cika gari aka kawo majigi ƙauyenmu, kusa da Ruwan Godiya. Bayan an gama nuna takin zamani sai aka sako zanen dabbobi suna gudu. Kakata, wadda duk tatsuniyar da na sani daga bakinta na ji, ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Zane na tahiya? To mu ma kurarmu sai ta yi motsi."

A lokacin ne malam ya ce kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa, za a ba da maki. Kaka ta zaunar da ni gindin rumbu ta ce kura za mu yi, ta koya mini feƙe ɓawon kara da soka shi cikin farar totuwarsa mai laushi. Ɓawon nan ya yanka mini yatsu ba adadi. In ƙafa ta karkace sai ta ce, "Wannan kura ce ko jakin maƙwabta? Sake!" A ƙarshe muka ɗaura zare a muƙamuƙi, in an ja sai baki ya wangale, irin na kurar tatsuniyarta mai kwaɗayi. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce in dawo in gaya mata abin da malam zai ce.

Da na isa aji, me zan gani? Teburin malam cike da kofunan roba da farantai, wani ma takardar kanti na manne a gindinsa. Wai aikin hannu! Hannun wa? Malam yana karɓa yana zuba maki yana tura kayan cikin buhu, kowa kuma ya san gidansa za su.

Na miƙa kurata na ja zaren. Aji ya kwashe da shewa, har na baya suna hawa benci. Shi kuwa ko kallon kirki bai yi mata ba. "Ke, ana zamanin roba kina kawo mini kara? Me zan yi da wannan?" Ya wurga ta ta taga. Akuyar mai gadi na tsaye a wajen, ina kallo ta fara da kai.

Haba jama'a! Ko ba maki, ai sai ya miƙo mini abina.

Na tarar da Kaka bakin zaure tana jira. Na gaya mata duka ina kuka. Da zango na gaba ya zo, na kwaso kara na zube gabanta. Ta ture shi gefen murhu, ta shiga ɗaki ta fito da sabon kofin roba ja.

"Ungo, kai mishi," in ji ta.

Ya ba ni maki cikakke.