Jakar Cocin Meme Odette

Asabar ce, ranar gugar Meme. Kakata ce ta wajen uwa, sunanta Odette, ita ta raine ni a unguwar Adjamé tun rasuwar mahaifiyata. Kirista ce ta gidi, amma ita ke tashina sallar asuba, kuma ba da lallashi ba. Babana Bahaushe ne daga Nijar, yana da shago a Treichville, can tsallaken gada. Shi ya raɗa mini Hadiza.

Ƙarfe shida ta zuba garwashi a dutsen guga. Shekara da shekaru ita ke wanke farin ƙyallen bagadin cocinsu, ba ta yarda wani hannu ya taɓa shi.

Ƙarfe bakwai na lura unguwa ta yi tsit. Babu ihun 'yan gbaka, motocin hayarmu. Mai tallar acheke, dambun rogo, ba ta wuce ba. Takwas saura aka fara harbi daga wajen tasha. Meme ta ci gaba da guga.

Ƙarfe tara masu bindiga suka shigo layinmu. Muna jin gindin bindiga a ƙofofi, ɗaya bayan ɗaya.

"Kowa ya fito da katinsa!"

Na jiyo muryar maƙwabcinmu Malam Isufu tela yana roƙo. Harbi biyu. Ban ƙara jin sa ba. A ranar, sunan Musulmi a kan katin shaidarka shi ne ajalinka, ni kuwa nawa Hadiza ne.

Meme ta ajiye dutsen guga. Ta jefa katina cikin murhu. Ta buɗe akwati ta ciro ankon matan coci, shuɗi mai zanen kurciya, ta ɗaura mini, ta cire ɗankwalin kanta ta naɗa mini. Ta rataya mini jakar da take zuwa coci da ita. Sai ta tsaya tana shafa furfurarta. Matar nan tun aurenta ba ta taɓa fita kai babu lulluɓi ba, ko zubar da shara za ta yi. Ta ja baƙin mayafina daga igiya ta yafa. Na gani da idona, wallahi na gani, kuma ban ce komai ba. Wannan shirun nake jin haushinsa har yau.

Muka bi ta lungun baya. Tayoyi na ci da wuta. Takalma warwatse a kwalta, ba masu su. Ƙafarta ta kumbura, amma ita ke jana. Sha ɗaya da rabi muka ratsa unguwar Plateau. Sha biyu muka iso bakin gadar Treichville. Nan ma masu bindiga sun gitta katako da duwatsu.

Wani ya dubi ankon, ya dubi jakar.

"Wuce!"

Na yi taku huɗu.

"Ke mai mayafi, gefe! Kati!"

Na fara juyowa. Meme ta daka mini tsawa irin ta asuba.

"Tafi, ke 'yar coci! Na san ki ne?"

Na tafi. Na ce a raina ai Odette ce, za ta nuna kati su sake ta. Iska na kaɗawa daga ruwa. Ina tsakiyar gada na ji harbi a bayana. Ban ƙirga ba.

Ƙarfe ɗaya na isa gidan babana kusa da babban masallaci. Sai da na yi magana ya gane ni. Na zauna a bakin ƙofa ina jiran ta har la'asar. Sannan na buɗe jakar.

Carbinta mai gicciye. Littafin waƙoƙi da bangonsa ya cire. Alewa uku, na yaran coci. Makullin ɗakinmu. Katin shaidarta, da hotonta sanye da ɗankwalin da ke kaina.

Bayan kwana tara aka buɗe hanya. Babana ya bi asibitoci da coci-coci, bai same ta ba. A ɗakinmu na Adjamé muka tarar da ƙyallen bagadin a kan tebur, rabi a goge. Ni na ƙarasa shi, na kai musu cocin.