Waƙar 'Yar Tantabara da Na Raba Mahaifiyata da Ita

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili a wannan shafi, a kuma sakaya sunana. A shekarun da zan ba da labari, ni malamar firamare ce a cikin garin Daura, ina riƙe da 'yan aji biyu, ina da aure da 'ya'ya biyu, kaina kuma cike yake da waƙa. Ba waƙar biki ba, ta yara: ta ƙirga, ta wanke hannu, ta sunayen tsuntsaye. A hanyar makaranta nake tsara su, wani lokaci har in wuce ƙofar ban sani ba. Kayan kiɗana ƙwarya ce da ludayi biyu da tafin yara. Ina kuma zane a bayan tsofaffin takardun jarrabawa, don babban burina shi ne in fitar da littafi mai hotuna da Hausa, wanda yaro zai buɗe ya ga akuya irin ta gidansu da rijiya irin ta unguwarsu. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, ni mutum ce mai son a gani a yaba. Wannan halin ya kai ni inda nake so, shi ne kuma ya ja mini abin da nake kuka da shi har yau.

Ni 'yar fari ce. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda iyaye mata na da suke da ɗan fari: uwa ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ko tsaya ta dube shi sosai, duk don kunya. Ranar da aka yaye ni kakata ta wajen uwa ta goya ni zuwa garin Babban Mutum, can na girma, ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji kawunnaina suna kiranta. Ita kuma in za ta ambace ni sai ta ce waccan, ko 'yar gidan Inna. Na ga tana yi wa ƙanwata kitso, kan yarinyar a bisa cinyarta, suna hira suna dariya, ni kuwa ko abinci za ta ba ni sai ta ajiye kwanon a ƙasa ta tura shi wajena tana kallon wani gefe. Na san al'ada ce, an sha gaya mini, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba.

Sai an yi dogon hutu, cikin damina, ake sa ni a mota a kawo ni Daura. Yaya tana kiwon tantabaru a cikin tsofaffin tukwane da aka jera a kan katanga. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, ƙasa tana ƙanshin ruwan jiya, takan zauna a kan kujera 'yar tsugunno ta juya mini baya, tana watsa musu tsaba tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Waƙar wata 'yar tantabara ce da aka sa a kwando aka kai ta wani gari a gabas. Mai waƙar tana tambayar hadarin da ke tasowa daga can ko ya bi ta kan gidan, ko ya ga an ba ta ruwa, ko fukafukanta sun fito. A ƙarshen kowane baiti, daidai inda ya kamata a kira tantabarar, sai Yaya ta rufe baki ta ja sautin ta hanci, gaɓa uku. Nakan kwanta a tabarma ina kallon fararen cikkunan tantabarun suna kewaya sama, gajimare na canja launi, har in rasa ko barci nake ko ido biyu. Ban kai shekara goma ba na lura cewa garinmu Babban Mutum a gabas yake, sunana kuma gaɓa uku ne.

Na girma, na yi karatu, aure ya dawo da ni Daura, waƙar ba ta daina ba. Duk ranar da na je gaishe ta na kai la'asar, sai ta ɗauko tsaba ta juya baya. A lokacin waƙoƙina sun fara fita daga aji, ana tura su a waya, wani gidan rediyo a Katsina yana sa su a shirin yara. Wata ranar Juma'a na ɓoye wayata a cikin hijabi na naɗi muryar Yaya ba ta sani ba. Na koma gida na yi wa waƙar kwaskwarima, na sa mata kiɗan ƙwarya, gurbin nan da take ja ta hanci kuma na mayar da shi wasa: in an zo wurin, kowace uwa ta faɗi sunan ɗanta, ko yaro ya faɗi nasa da ƙarfi. Ban taɓa yin waƙar da ta karɓu kamar wannan ba. Daga nan na zauna na zana littafin, wata huɗu ina fama da fenti da buroshi, na zana katangarmu da tukwanen, da wata mata ta juya baya, da hadari mai ruwan bula. Shafin ƙarshe ne kawai ba na Yaya ba. A nan na zana tantabarar ta dawo gida, matar ta juyo ta buɗe hannu biyu, bakinta a buɗe tana kira.

Da aka bugo littafin daga Kano, makarantarmu ta amince a ƙaddamar da shi ranar rabon kyaututtuka na ƙarshen shekara. Ni kuwa na riga na gina wani mafarki a raina, kullum ina ƙara masa ado. Ina ganin Yaya a gaban jama'a, an karrama ta a matsayin mai waƙar, zuciyarta ta yi laushi, ta buɗe baki sau ɗaya tak ta faɗi sunana. Na gaya wa ƙanwata shirin, ta zaro ido ta ce in rufa wa kaina asiri, Yaya ba irin matan nan ba ce. Na ce mata zamani ya canja, ita da ake kiran sunanta safe da yamma ba za ta gane ba. Maigidana ma ya ce in fara tambayar tsohuwar tukuna, na ce in na tambaya ai ƙi za ta yi. Ku duba fa, na san ƙi za ta yi, duk da haka na ci gaba. Na ɗinka mata sabuwar atamfa, na sa ƙanwata ta ce mata taron littafin tsuntsaye ne kawai.

Ranar ta zo da hantsi mai kyau. An kafa rumfuna a filin makaranta, mata a gefe guda, Yaya a layi na biyu tsakanin ƙawayenta da 'yan unguwa, littafin a kan cinyarta ba ta buɗe ba, don ba ta karatun boko. Yara suka rera waƙar, iyaye suka yi ta kiran sunaye, wuri ya ɗauki shewa. Sai na karɓi abin magana na ce yanzu za a ji ainihin mai waƙar, na haɗa wayata da lasifika. Muryar Yaya ta tashi a kan filin nan, siririya, da fiffikar tantabaru a bayanta da amon turmin maƙwabta. Wallahi na ɗan lokaci na ji kamar an ɗauke filin an mayar da ni tabarmar nan ta damina. Da ma na tsaya a nan. Amma sai na yi bayani, na ce ni ce 'yar tantabarar, ni ce 'yar farinta, sautin nan na hanci kuma sunana ne da kunya ta hana ta faɗa shekara da shekaru. Na taka har gabanta na durƙusa, na miƙa mata abin maganar, na roƙe ta ta cike gurbin yau.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, mata suka fashe da dariya, ba ta mugunta ba, irin ta tsokana. Na ji wata daga baya tana cewa ashe duk shekarun nan son 'yar fari ake yi a ɓoye. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ta miƙe a hankali, ta ajiye littafin a kan kujera, ta ratsa tsakanin mata ta fita, ƙanwata na bin ta da jakarta. Ni kuwa ina nan durƙushe da abin magana a hannu, mai gabatarwa yana ta ƙoƙarin gyara zance yana cewa a tafa wa Hajiya. Aka tafa. Littafin ya ƙare tas a ranar, mutane suna ta yi mini barka, ina murmushin yaƙe.

Maganar ta zaga unguwa. A gidan suna, a Islamiyyar matan aure, ko'ina abokan wasanta suka gan ta sai su ja sautin nan ta hanci su yi dariya. Matar da ta yi shekara hamsin ana misali da kunyarta ta wayi gari ita ce abin zolaya, ta daina fita taro wata da watanni. Mako guda bayan taron ta sa aka kama tantabarun duka aka kai wa wani ɗan'uwanmu a Mai'adua, aka sauke tukwanen. Kwana uku sai ga su sun dawo, suka jeru a kan katangar da babu komai, suna jira. Ƙanwata ta ce Yaya ta shige ɗaki ta saki labule. Haka suka yi ta zuwa suna komawa, suna raguwa, har suka daina. A lokacin ne ƙanwata ta gaya mini abin da ya karya ni. Ta ce ita da ta kwana ta tashi da Yaya duk rayuwarta, ba ta taɓa jin waƙar nan ba sai in ina gidan. Ashe ba tantabaru take yi wa ba, ba kuma kanta ba. Ni kaɗai take yi wa, ta hanyar da za ta iya, ni kuma na kwashe na kai kasuwa.

Na je na durƙusa na ba ta haƙuri ina kuka. Ta ce babu komai, tana kallon bango. Da na fito ta aiko ƙanwata ta ce a gaya wa waccan ta cire muryarta daga waya. Na goge a gaban ƙanwata, da wanda ke wayar da wanda na adana a wani wuri, ina tsammanin in na yi biyayya wata rana waƙar za ta dawo. Shekara uku ina zuwa da la'asar ina zama a tabarma. Takan gaishe ni, ta tura mini fura, ta tambayi yara, amma ba ta sake juya mini baya ta yi waƙa ba. Zuwana na ƙarshe tana kwance ba lafiya, fuskarta na kallon bango, sai ga yaran maƙwabta a ƙofar gida suna rera waƙar, kowa na ihun sunansa. Na zuba wa bayanta ido, ina sauraro da dukkan jikina ko zan ji wani ɗan sauti. Ban ji ba. Kwana biyu bayan haka Allah ya karɓi abarsa. Ƙanwata ta ce kafin ta cika ta yafe wa 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da ta zo ƙarshe ta ce har da waccan.

Yau littattafaina sun kai shida, ana gayyata ta makarantu har wajen jiha, amma na hana a sake buga na tantabara. Waƙar kuwa ta fi ƙarfina, tana bakin yaran da ba su san ni ba. Abin da na koya shi ne, ba kowace ƙauna ce ke son haske ba, kuma wanda ya ba ka abu a ɓoye amana ya ba ka. Ina kira ga 'yan'uwana masu waƙa da rubutu da ke bin tsofaffi da waya suna naɗar abin bakinsu: ku tambaya, in an ce a'a ku haƙura, kada daɗin abin ya sa ku manta akwai mai shi. Ku kuma 'ya'yan fari irina, in uwa tana tura muku kwano tana kallon gefe, ku karɓa a haka, kada ku matsa mata sai ta so ku yadda kuke so a gani. Ni na matsa, na rasa wanda nake da shi. Yanzu in yara suka roƙe ni waƙar a taro, ina rerawa, amma in na zo gurbin sai in rufe baki in ja ta hanci, gaɓa uku. Sukan yi dariya su ce Malama ta manta sunan, ni kuma in ce musu haka mai waƙar take yi. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Yaya a addu'a.