Kwana Arba'in da Biyu na Gogo Hamsatu a Ƙasar Zulu

A duk faɗin Jimeta, daga bakin gada har cikin tsohon garin Yola, babu wanda ya san ƙasar Zulu kamar Gogo Hamsatu mai injin markaɗe ta unguwar Dubeli. Haka matan layi ke faɗa, kuma ba a taɓa musa musu ba, domin in ka cire mahajjata, a layin babu wanda ya taɓa wuce Abuja. Kwana arba'in da biyu ta yi a can. Arba'in daga ciki ta yi su ne tsakanin kicin da banɗaki, a hawa na huɗu na wani bene a birnin Durban.

A Damare ta girma, a bayan shanun mahaifinta, har ta kai tana gane saniya mai ciki daga tafiyarta kawai. Aure ya kawo ta Jimeta, gidan Hamajoɗa tela. Da ya rasu ya bar mata ɗaki uku, keken ɗinki, da 'ya ɗaya, Jannatu. Ta sayar da keken ta sayi inji. Da yake Jannatu 'yar fari ce, Gogo ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" take ce mata, ranar da rai ya yi daɗi kuma "ke wannan".

A shekarar 2014 Jannatu tana aure a Mubi. Kwananta biyar da haihuwa 'yan ta'adda suka shiga garin. Gogo ta riga ta tara itace a Dubeli, da niyyar ta je suna ta taho da ita wankan jego. Aka kashe mijin a shagonsa. Jannatu ta goya jaririn ta bi duwatsu da ƙafa, daga baya ta samu wata motar kaya. Da ta iso gida, Gogo ce ta kwance mata zanen goyon da hannunta. Yaron ya riga ya yi sanyi. Jannatu ba ta san a wane gari ya cika ba, kuma ko suna bai samu ba. Itacen wankan, da shi aka dafa abincin 'yan gudun hijira ashirin da uku da suka cika gidan.

Shekara goma suka wuce. Jannatu ta auri Zubair, likita ɗan gidan wasu 'yan kasuwa Barebari na Jimeta, ya samu aiki a Durban ya tafi da ita. Ranar da ya bugo waya ya ce an samu namiji, Gogo ta rufe inji, ta ɗaure ganyen darbejiya, gero, yaji da kanwa. A filin jirgi aka karɓe ganyen da geron. Kanwar ta tsira daga ma'aikata, sai suruki ya karɓe ta cikin ladabi, ya ce tana yi wa zuciyar mai jego illa. Gogo ba ta yi musu ba, don ba a musu da suruki. Ta dai daina kallon ɓangaren da yake zaune har kwana uku.

Zubair mutum ne mai tsari. Ya manna takarda mai hoton karkanda a jikin firji: Asabar bakin teku, Lahadi duwatsu, mako na gaba gandun daji inda ake ganin giwa da karkanda.

"Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in," in ji Gogo, tana magana da firjin.

"To ai ke ba mai jego ba ce, Gogo."

"Likita, in na tafi yawo, ku za ku dafa ruwan?"

Ya nuna mata cewa ruwan zafi daga bango yake fitowa. Ta ce ruwan da bai ga wuta ba bai dahu ba, ta ɗora babbar tukunya. Tekun kuwa ta gan shi ta taga, tsakanin benaye biyu. Ta ce Binuwai ne da aka manta ba a yi masa ɗaya gaɓar ba.

Wanka ya tafi daidai, kunu ya tafi daidai ko ba kanwa. Abu ɗaya ne bai tafi ba. Jannatu tana shayar da yaron, wanda aka raɗa wa suna Usaid, amma da ya saki nono sai ta miƙa shi. Ba ta yarda ya taɓa bayanta. Dangi da ke kira ta bidiyo daga Yola suna ganinsa kullum a bayan kakarsa, suka yi ta yabo: "Kai, 'yar Fulani ce ta gaske, dubi kunyar ɗan fari!" Sun manta, ko sun ga ya fi sauƙi su manta, cewa ba shi ne na farin ba. Zubair bai manta ba. Ya san sunan abin da ke damunta da Turanci, ya kuma sayo keken jarirai mai birki da rumfa.

Sau ɗaya Gogo ta gwada. Ta ɗauko zane ta ce, "Ke, juya." Jannatu ta shige banɗaki ta kulle, ba ta fito ba sai da aka yi la'asar. Gogo ta ninke zanen. Ta san ranar da jirginta zai tashi, ta kuma san in ta tafi a haka, yaron zai girma a keke, uwarsa kuwa za ta ci gaba da zama a hanyar Mubi.

Ranar arba'in da ɗaya Zubair ya samu abin da yake so. Aka tafi gandun daji, tafiyar awa uku, ga abinci a kula, ga keken jarirai a but. Gogo tana baya, Usaid a cinyarta, gonakin rake ba su burge ta ba, balle tuddai. Sai can bayan azahar ta buga gilashi.

"Likita, ku tsaya."

Shanu ne a gefen hanya, ƙanana, marasa tozon kirki, kowace da irin zanenta kamar an watsa musu fenti. Gogo ta goya Usaid ta sauka ta nufi garken. Jannatu ta bi ta dole. Zubair ya fito da keken, ya tura taku huɗu cikin ciyawa, ƙafar keken ta maƙale.

Mai shanun wata dattijuwa ce mai ɗaurin kai da tawul a kafaɗa. Ba Hausa, ba Fillanci, Gogo kuma ba Turanci. Duk da haka cikin minti biyar sun yarda cewa baƙar mai farin goshi ciki gare ta, kuma jar can ba ta da hali. Gogo ta nuna tana so ta duba hantsar wata. Ta kwance yaron, ta miƙa wa Jannatu ba tare da ta dube ta ba, ta tsuguna.

Usaid ya fasa kuka. Jannatu ta jijjiga shi, ya ƙara. Dattijuwar ta dubi uwar, ta dubi yaron, ta yi tsaki irin wanda ba ya bukatar tafinta. Ta karɓe shi, ta danna kafaɗar Jannatu ƙasa, ta ɗora shi a bayanta, ta zagaya tawul ta ɗaure tam. Ba ta tambayi kowa ba, domin ba wanda ya ba ta labarin Mubi.

Jannatu ta sandare a duƙe. "Dada," ta ce wa uwarta. "Dada, cire min shi."

Gogo tana duba hantsa. A rayuwarta ba ta taɓa duba hantsar saniya da natsuwa haka ba.

"Dada, ya yi shiru!"

"Barci ake kiransa," in ji Gogo. "Miƙe."

Ta miƙe a hankali. Numfashinsa yana sauka a tsakanin kafaɗunta, ƙafarsa tana zungurin haƙarƙarinta. Ta tsaya a haka, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa, hawaye na zuba. Can sai ta zabura.

"Dada, ya yi min fitsari."

"To da me kike so ya yi miki, Jannatu? Wa'azi?"

Zubair ya ce ya ji Gogo ta kira sunan 'yarta da kunnensa. Gogo ta ce iska ce. Ya duba agogo sau uku, amma akwai sauran shanu goma sha ɗaya da ba a duba ba, kuma Jannatu tana ta zagaya garken da goyo, ba ta nuna alamar komawa mota ba.

Yanzu Gogo ta koma bakin injinta a Dubeli. Duk sanda aka kira ta bidiyo, kan Usaid ne ke leƙowa ta bayan kafaɗar uwarsa, dangi kuma sun fara cewa zaman Turai ya cire wa yarinyar kunya, duk da an sha gaya musu ba Turai ba ce. Matan da ke jiran markaɗe sukan ce, "Gogo, ba mu labarin karkanda." Takan ba su: ƙahonsa a hanci, fatarsa kamar tayar tirela, nauyinsa ya fi na keken Napep uku. Duk gaskiya ne, haka yake a hoton takardar da ta ɓanɓaro daga jikin firji. Ƙarfe shida ake rufe ƙofar gandun. Su sun isa shida da minti ashirin.