Magen da Na Auna da Bakin Mayafi

Abubuwa da yawa sun shige mini a shekarun da na yi a Guangzhou, amma ranar da mai gidan da muke haya ta zo tana shinshina ɗakunanmu saboda mage, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. In na ba mutane labarin dariya suke yi, wai duk abin da na gani a China sai fon kashin mage na riƙe. Su yi ta dariya. Ba su san saura ƙiris mu kwana a titi da kayan mutane ba.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Beijing ce. Mu muna kudu, nesa da filin wasan, amma hucin abin ya iso mu. Ana tare baƙi a hanya ana duba takardu, masu gidajen haya kuma da sun ga baƙar fata sai su kaɗa hannu su ce "meyo", wato babu. Wanda ke da ɗaki a lokacin, da hannu biyu yake riƙe shi. Ni da maigidana Alhaji muna haya a unguwar Dengfeng, can saman bene. Shi yana harkar aika kaya gida, ni kuma ina sauke mata 'yan kasuwa da ke zuwa sari daga Kano da Maraɗi. Ɗaki guda cike yake da kwalayen takalma daga kasuwar Zhanxi da dilolin riguna daga kasuwar Baima, duk amanar mutane, suna jiran jirgi.

Ɓeraye ne suka fara shiga wannan ɗakin. Su huda kwali, su gwaguye dunduniyar takalmi ɗaya, su bar maka ɗan'uwansa lafiya lau. Ana haka na tsinci wata mage a ƙarƙashin matakala, ramammiya, duk ta jiƙe. Na ɗauko ta, na ba ta kan kifi. Kafin wani lokaci ta yi ɓulɓul, ɓeraye kuma ko kashinsu mun daina gani.

Sai dai akwai abin da ban taɓa tunani a kai ba. A gidanmu na Kano mun yi maguna ba iyaka, ba wanda ya taɓa tambayar inda suke biyan buƙatarsu. Mage ta haura katanga, ta je juji ko inda ake zubar da toka, ta tona, ta binne, ta dawo. A saman bene kuwa ina ƙasa? Ko'ina tayil ne. Alhaji ya roƙo yashi a wani wurin gini, ya zuba a tsohuwar robar wanki, ya ce an gama. Da a Kano ne da an gama ɗin, rana za ta busar da shi. Amma zafin Guangzhou da laima yake tafe, ko wanki sai ka roƙe shi kafin ya bushe. Yashin ya zauna jiƙe, zarni ya kama falo, mu kuma muka yi abin da muka iya, muka dage da turaren wuta safe da yamma.

A lokacin akwai wata Hajiya 'yar Maraɗi da ta sauka a wurina, dattijuwa mai tsabta da yawan ibada. Wata rana ina kasuwa, ta ga ba za ta yi salla kusa da najasa ba. Ta ɗauki robar ta shiga banɗaki, ta juye yashin a bakin magudana, ta bi shi da ruwa bokiti bayan bokiti. A wurinta ta yi daidai, don mu duk abin da ya yi najasa ruwa ne maganinsa. Yashin ya sauka ya toshe bututu, ruwa ya soma ɗiga a kan maƙwabtanmu na ƙasa.

Kafin la'asar sai ga mai gidan, wata 'yar tsohuwa gajeriya mai gilashi. Ta shigo ta tarar da hayaƙin turare, zarni na biye da shi a baya. Ta toshe hanci, ta yi ta zuba faɗa, Alhaji da ke ɗan jin yarensu yana fassara mini. Ta ce maƙwabta sun dame ta, ga ruwa, ga wari, ga hayaƙi kullum kamar gobara, ita kuma ba ta son abin da zai jawo mata hukuma a irin wannan lokaci. Za ta dawo ƙarshen wata. Ko mage ta fita, ko mu fita.

Tana sauka Alhaji ya ce, "To, maman yara, kin ji da kunnenki. Ɗauko buhu in kai ta bakin kasuwa."

Na ce, "Ba inda za ta. Da ɓeraye ke cin takalman mutane, kai ne ka kwana kana gadi ko ita? Ta yi mana aiki, sai yanzu mu jefar da ita don ba mu iya tanadar mata wurin tsuguno ba? Su mutanen garin nan ba su da maguna a saman bene? Yaya suke yi?"

Ya ce, "In aka watso mana kaya waje, sai ki tambayi magen inda za mu kwana."

Ni ban shiga aji ba sai da na yaye ɗana na huɗu, a makarantar yaƙi da jahilci. Babban abin da na fito da shi daga can ba rubutu ba ne. Na koyi in ban san abu ba in buɗe baki in tambaya, ko da ajin duka zai yi dariya. Don haka washegari na shirya zuwa kasuwar da ake sayar da tsuntsaye da kifayen ado. Kafin in fita na kama magen, na miƙar da ita, na auna ta daga hanci zuwa gindin wutsiya da bakin mayafina, na ƙulle wurin. Haka muke yi a gida in za a sayo wa yaro takalmin salla, a karyo tsinken tsintsiya daidai ƙafarsa a tafi da shi kasuwa. Hajiya ta ce za ta raka ni, tun da ita ta jawo.

Shagon farko muka tarar da fon maguna jere, kala-kala. Idon Hajiya ya faɗa kan wani ruwan hoda mai rufi da 'yar ƙofa, kamar ɗakin amarya. Ta ce, "Ƙanwata, ɗauki wanga. Wallahi wagga mussa ta hi mu gata." Na warware mayafi na ɗora. Ko ƙullin bai kai ba. Na ce, "Hajiya, in aka sa ki a banɗakin da ba za ki iya juyawa ba, ga zafi, ga ƙofa a rufe, za ki koma?" Ban da haka, abin da aka rufe a wannan laima wari kawai zai tara. Na nuna wa mai shagon tsawon mayafin, na ƙara rabinsa da hannu, na ce, "Lawban, babba." Lawban shi ne maigida a yarensu, kowane mai shago haka ake kiransa. Ya dubi mayafi, ya dube ni, ya ce "meyo". Muka yi gaba.

A wani shago can ciki na samu abin da nake nema. Buɗaɗɗe ne, bayansa da tsayi don kada ta watso, gabansa gajere don shiga. Hawa biyu gare shi, na sama da huji-huji kamar rariya, na ƙasa faranti. Matar shagon ta fito mini da abin zubawa iri-iri. Akwai wani kamar tsakuwa mai nauyin tsiya, ina ganinsa na tuna bututunmu na ture shi. Akwai mai ƙamshin turare, shi ma na ture, don turare ne ya kai mu inda muke. Sai ta buɗe wani buhu, dusar katako ce aka matse ta zama 'yan guntaye kamar an kakkarya taliya. Hajiya ta ce, "Wanga ai abincin kihi ne."

Ban saya da ido ba. Na ɗebo a tafin hannu na shinshina, ƙamshin sabon katako ne kawai. Na ɗaga buhun na girgiza kamar mai sayen gero, in ga ko gari ya taru a gindi. Sannan na zuba kaɗan a fon, na tsiyaya ruwan gorata a kai. Matar ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Muna kallo guntayen suka kumbura, suka shanye ruwan, suka farfashe suka koma dusa. Na girgiza, dusar ta zube ta hujin nan zuwa farantin ƙasa, busassun suka tsaya a sama. Na ce shi ke nan, wannan ne.

Na iso gida da ƙarfin gwiwa, mage ta kunyata ni. Ta sa ƙafa ɗaya, ta ji tauri, ta yarfe ƙafar, ta wuce ta tsuguna a lungu kusa da takalman Alhaji. Ya dubi takalman, ya dube ni, ya ce, "Malama mai ilimi, ga sakamakon jarrabawa ya fito."

Na ce, "Alhaji, 'ya'ya nawa na yaye maka? Akwai wanda na cire wa nono yau ya kama tuwo gobe?" Na shimfiɗa guntayen katakon a cikin fon, na barbaɗa irin yashin da ta saba da shi a sama. Na ɗauke fon daga kusa da kwanon abincinta, na kai shi lungun da ba a yawan wucewa. Ta shinshina, ta shiga, ta tona. Kullum ina rage yashin, har ya ƙare ba ta lura ba. Kowace safiya in kwashe kashin, in girgiza, in juye dusar a leda in kai shara. Na kuma yi doka da babbar murya: duk wadda ta sake kai wani abu bakin magudana, ita da kayanta a waje za su kwana.

Ranar da mai gidan za ta zo, na fito na tarar Hajiya ta hura gawayi a kasko, tana shirin zuba turare. Ta ce ai ba a tarbar baƙo da ɗaki haka gayansa. Na ce, "Yau za a yi. In ta ji turare cewa za ta yi ɓoyo muke." Na kashe gawayin, na buɗe tagogi.

Tsohuwar ta shigo da hancinta a gaba. Ta zaga falo, ta leƙa ɗakuna, ta shiga banɗaki ta sake ruwa ta tsaya har ya wuce. Fon yana bayan ƙofar ɗakin kaya, ba ta gan shi ba, magen kuma tana barci a saman kwalaye. Sai ta yi murmushi ta ce wani abu. Alhaji ya raɗa mini, "Cewa ta yi mun kyauta da muka fitar da magen. Don Allah, maman yara, ki yi shiru." Har da taka mini ƙafa.

Da na yi shiru da an wuce wurin a ranar. Amma sai yaushe? Mu zauna muna ɓoye mage kamar kayan sata, ranar da ta yi kuka a kore mu da sunan maƙaryata? Na shiga ɗakin, na sauko da ita, na dire ta a gaban tsohuwar. Na jawo fon na ajiye kusa da ita. Alhaji ya dafe kai, Hajiya ta hau salati.

Murmushin tsohuwar ya ɗauke. Sai ta durƙusa, ta kai hancinta dab da fon, ta zaro farantin ƙasa ta duba, ta mayar. Magen ta zo tana goga jiki a ƙafarta. Ta miƙe, ta nuna kaskon turare ta kaɗa yatsa, ta nuna mage ta gyaɗa kai. Ta faɗa wa Alhaji wata magana, ta fita. Na ce, "Me ta ce?" Ya ce, "Wai mage ta zauna, mu ma mu zauna. Wai kuma in riƙa jin maganarki." Na ce, "Wannan ta ƙarshen ka maimaita ta da ƙarfi, Hajiya ba ta ji ba."

A gidan muka ci gaba da zama har muka tattaro muka dawo, magen kuma tsohuwar ce ta karɓe ta, da fonta da sauran buhunta. Abin da na koya shi ne, dabarar da ta yi maka aiki a garinku ba lallai ta yi maka a garin wasu ba, sai ka sauke kai ka tambaya, ka kuma gwada da hannunka. Kuma tun daga ranar, in abu ya yi wari a gidana ko a harkata, ba na neman kasko. Inda warin yake fitowa nake nema, in gyara shi, sannan in buɗe taga kowa ya shigo ya shinshina.